Jan Fentin Baba Buroshi

Surukina mai fenti ne. Ba ya shafa ɗaki, ba ya shafa silin, kuma in ka kuskura ka haɗa shi da masu yin wannan aikin zai yi maka kallon da sai ka nemi wurin ɓuya. Shi mai rubutun bango ne da allunan shaguna. Tsararrakinsa suna ce masa Buroshi, mu na ƙasa da shi Baba muke cewa. Shekarata goma sha ɗaya da auren autarsa, har yau ban ga ainihin launin faratansa ba. Da na taɓa faɗa wa surukata, Inna, sai ta ce in kwantar da hankalina, ita da ta shekara arba'in da shi ma ba ta gani ba.

Gidansu yana ƙasan gari, daf da tsohuwar masaƙa. Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gidan: gwangwanaye jere kan katako, kowanne da ɗigon launinsa a murfi, buroshi manya da ƙanana a jiƙe cikin kwalaben kananzir, dogon tsani a jingine bayan ƙofa. A waje akwai benci guda da ya sha zama har ya yi sulɓi. A kan bencin nan an naɗa ministoci an sauke su ba adadi, ba tare da ko ɗayansu ya ji labari ba. Yin tafiya da Baba a cikin gari kuwa aiki ne, don duk allon da aka buga da inji sai ya tsaya ya girgiza kai ya ce rubutu ne marar rai, ko da kuwa sauri ake yi za a kai mara lafiya asibiti.

Ya shiga masaƙa yana ɗan shekara goma sha tara, aikinsa rubuta lamba a jikin dilolin yadi. Shekarar da aka yi babban yajin aiki, ma'aikata suka taru a bakin ƙofa ba su da ko ƙyallen da za su ɗaga. Baba ya ruga gida, ya yaye sabon zanin gadon Inna, ya rubuta buƙatunsu a kai da jan fenti. Daga wannan yajin jam'iyyar su Baba ta samo asali, daga wannan zanin kuma ta samo launinta. Daga baya masu ilimi suka rubuta cewa ja alama ce ta jinin ma'aikata da guminsu. Baba ya ce su dai sun iya magana, shi gwangwanin da ya tarar a buɗe ke nan. Inna kuwa har gobe in rigima ta haɗa su sai ta tayar da zancen zanin gadonta.

Jan da yake aiki da shi haɗin hannunsa ne, fentin mai, da ɗan baƙi da ɗan rawaya, gwargwadon da bai taɓa faɗa wa kowa ba. In ya bushe yakan yi duhu-duhu mai sheƙi, tun daga nesa za ka gane aikinsa ne.

Masaƙar ta daɗe da rage aiki, amma katangarta tana nan, doguwa, mai tsayin mutum uku, tana fuskantar tashar mota inda duk mai shiga gari ko fita sai ya gan ta. Zaɓe takwas a jere Baba ne ke rubuta ta. Layi uku ne, ba sa canzawa: MASAƘA TA KOMA HANNUN MA'AIKATA. A DAINA ƘARA KUƊIN HAYA. BA ZA A RUFE ASIBITIN UNGUWA BA. Sunan ɗan takara kawai ake sauyawa a sama. Baba ba ya kankare tsohon rubutu, bin sahunsa yake yi da sabon fenti, ja a kan ja, har haruffan suka yi tudu kamar an manna su.

Mutanen ƙasan gari suna da wata ɗabi'a: ba sa cewa komai game da zaɓe sai katanga ta yi magana. Ana saura wata guda, Baba zai fito da tsani. Amininsa mai walda, wanda ake kira Tartsatsi saboda sana'arsa da kuma bakinsa, zai riƙe masa ƙafar tsanin yana zagin gwamnati, mata su leƙo, masu wucewa su tsaya. Daga ranar unguwa ta san za a fita. Ba wanda ya rubuta wannan a matsayin doka, amma 'yan siyasa sun san in tsanin Baba bai fito ba, ma'aikatan zaɓe a ƙasan gari wuni za su yi suna korar ƙuda.

Ni kuma malamin lissafi ne, a saman gari na tashi, inda masu shaguna da ma'aikatan ofis suke. Mahaifiyata tana da ɗakuna biyu da take ba da haya, da su take cin abinci, saboda haka layi na biyu na katangar nan bai taɓa yi min daɗin karatu ba. Ban taɓa yankar katin wata jam'iyya ba. Nakan duba mutum, in duba abin da ya ce, in auna, wani lokacin har in shiga rumfar zaɓe ban gama aunawa ba. A gabana Baba yakan ce min Malam. Matata, Auta, ta tabbatar min cewa in na juya baya sunana Ɗan Tsakiya.

Ɗan takarar jam'iyyar lauya ne, kowa Lauya yake ce masa. Ɗan unguwa ne, mahaifinsa direban masaƙa ne, yana cikin waɗanda suka riƙe gefen zanin gadon Inna ranar yaji. Baba ne ya rubuta allon ofishinsa na farko. Sau biyu yana neman kujerar majalisa, sau biyu 'yan ƙasan gari suna fita ƙwansu da kwarkwatarsu, sau biyu yana faɗuwa da ƙuri'u kaɗan, domin 'yan saman gari da sun hango ja sai su ruga ɗaya ɓangaren. A karo na uku sai ya dawo da wata mashawarciya mai tabarau da kwamfuta a jaka. Ta zauna da shugabannin jam'iyya ta nuna musu zane-zane: ƙuri'un ƙasan gari suna aljihu, ba inda za su je, waɗanda ake buƙata su ne irina. Ban ga laifinta ba. Ni ma da an ba ni wannan lissafin a allo, amsar da zan fitar ke nan.

Sauyin a hankali ya zo. Da farko kalmar gwagwarmaya ta ɓace daga bakin Lauya, haɗin kai ya maye gurbinta. Sai ya daina sa jar hularsa. Sai aka gan shi a taron ƙungiyar masu gidajen haya yana dariya har da tafawa. Da aka tambaye shi zancen masaƙa a rediyo, ya ce za a kafa kwamiti. Tartsatsi da ya ji haka ya kashe rediyon da ƙarfin da sai da aka kai shi gyara.

Sannan aka zo kan launi. Mai Tabarau ta zo shagon Baba da kanta, ta gaishe shi da ladabi, ta ce jan nan ya yi zafi, yana tsorata mutane.

"Baba, ko za a ɗan sassauta shi? Farin fenti kofi ɗaya kawai a gwangwani."

Baba ya dube ta, ya dubi gwangwanin. Ya ce, "Shi Lauyan ne ya ce?"

"Shi ne, Baba."

"To."

Ya zuba kofi ɗaya, ya rubuta allunan ofisoshin mazaɓa. Bayan mako biyu aka aiko a sa kofi biyu. Ya sa, yana motsawa yana ƙwafa. Abin ya zama abin tsokana a unguwa. Duk wanda ya wuce shagon sai ya ɗaga murya, "Baba, yau kofi nawa?" In magidanci ya shigo gida da zafi matarsa ta lallashe shi ya sauko, sai maƙwabta su ce an zuba masa kofi biyu. Inna da kanta in ta kawo masa shayi sai ta tsaya da madara a hannu ta ce, "Na jam'iyyar da za a haɗa maka, ko na yanzu?"

Ana saura mako biyar zaɓe, Mai Tabarau ta dawo da zancen katanga. Wannan karon wata 'yar takarda ta miƙa masa mai launin ruwan hoda. Ta ce a shafe katangar duka da shi, a share layukan uku, a rubuta LAUYA NA KOWA da fari.

Ina wurin, na kawo wa Inna magani. Baba ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar mata.

"'Yata, wannan launin ɗakin jarirai ne. Ki kai wa masu shafa ɗaki."

"Baba, ba wai an watsar da manufa ba ne, salo ne kawai aka..."

"Na zuba ɗaya, na zuba biyu. Hannuna ba zai iya na uku ba. Ki gaishe shi."

Ya wanke buroshin da ke hannunsa tas, ya rataye. Ranar da aka saba fito da tsani ta zo ta wuce, tsani yana bayan ƙofa.

Benci ya rabu biyu. Tartsatsi ya ce Lauya ya sayar da su, shi kam ranar zaɓe barcinsa zai sha, kuma duk wanda ya tashe shi zai ga tartsatsi na gaske. Tela, mutum mai sanyin hali, ya ce rabon jam'iyya da kujerar nan shekara ashirin, ko ruwan hoda ne a bari a ci sau ɗaya a tuna yadda take. Kullum suna abu ɗaya har muryoyi su dushe. Baba ne kaɗai ba ya cewa uffan, wannan kuwa shi ya tsorata mu. Mutumin da kan buɗe shago kafin kowa ya koma zama a tsakar gida yana juya katin jam'iyyarsa a hannu, kati mai lamba bakwai, wanda ya tsufa har ya yi laushi kamar ƙyalle. Inna ta ce min rabonsa da cinye abincinsa tun ranar da yarinyar nan ta zo da takardarta. Wallahi na tausaya masa. Tunaninsa ya wuce zaɓe ɗaya. Yana tambayar kansa ne ko jam'iyyar nan, gidan da ya gina da hannunsa, har yanzu akwai ɗakinsa a ciki, ko ya tattara ya fita.

Abin kunyar shi ne, a daidai lokacin ni kuma Lauya ya fara burge ni. Mahaifiyata ta ce yaron ya yi hankali. Abokan aikina a ɗakin malamai, waɗanda a da ko sunansa ba sa son ji, suka fara cewa a duba shi. Wata Lahadi muna cin abincin rana a gidan Baba, bakina ya suɓuce.

"Gaskiya, Baba, yanzu maganganunsa suna shiga kunne."

Auta ta taka min ƙafa har sai da idona ya kawo ruwa. Inna ta tashi wai za ta ɗebo ruwan sha, alhali ga shi a gabanta. Baba ya ajiye cokali.

"Kunnen wa, Malam?"

"Nawa... namu, na can sama."

"Madalla. To an samu ƙuri'a ɗaya." Ya nuna ƙofa, inda muryar Tartsatsi ke tashi daga benci. "Ga ɗari can suna shirin barci. Kai ne malamin lissafi."

Na mayar da kaina kan abincina har aka kwashe kwanuka.

Da 'yan ofishin kamfe suka ga Baba ba zai sauko ba, sai suka ɗauko wani kamfanin fenti daga wani gari. Ranar Asabar da safe suka iso da mota da injin feshi da fararen rigunan aiki. Cikin awa biyu katanga ta zama ruwan hoda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, LAUYA NA KOWA ya zauna a tsakiya da fari. Aiki ne mai tsabta, ba zan yi musu ƙarya ba. Unguwa ta tsaya cirko-cirko tana kallo, wata tsohuwa har da share hawaye. Ni Baba ya aika in gano masa, don ya ce ƙafarsa ba za ta je ba.

Da na dawo ya ce, "Sun kankare?"

"A'a, Baba."

"Sun yi shafin ƙasa?"

Na ce ban san shi ba. Ya ce wani shafi ne mai kauri da ake fara yi don ya danne tsohon launi kafin a sa sabo. Na ce ban ga sun yi ba, feshi kawai suka yi suka tafi.

"Fentin nasu, in ka matsa kusa, yana warin mai?"

"Ba ya wari ko kaɗan."

Baba ya jingina da bango. A hankali na ga gefen bakinsa yana motsi. Ya ɗaga murya, "Innar yara, ina abincin nan da na bari?" Sannan ya dube ni ya ce, "Laraba."

Ranar Laraba da safe na biyo ta tasha zan tafi makaranta, na tarar da taro. A ƙarƙashin ruwan hodar nan haruffa sun fara tasowa, da farko kamar inuwa, kafin azahar kowa na iya karantawa. Fentin ruwa aka fesa a kan fentin mai na shekara talatin da biyu, ja kuwa ba ya zama lafiya a ƙarƙashin launi mai haske. Layukan Baba uku suka fito ɓaro-ɓaro, na tsakiya ya ratsa ta cikin LAUYA NA KOWA. Tartsatsi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Kamfanin ya dawo ranar Alhamis ya ƙara feshi biyu. Kafin Lahadi ja ya sake leƙowa, wannan karon har ya fi kyau.

Dariyar ba ta yi wa Lauya daɗi ta kowane gefe ba. 'Yan ƙasan gari suka ce ga shi nan, ya so ya binne su bango ya ƙi. 'Yan saman gari kuma, da ke bi ta tasha kullum, suka ce ashe hodar ta sama ce kawai, ciki yana nan jawur. Mahaifiyata ta kira ni ta ce ta janye abin da ta faɗa. Abokin hamayya ya ɗauki hoton katangar ya raba ko'ina. Mutumin da ya so ya zama na kowa ya wayi gari ba mai cewa nasa ne.

Saura kwana goma zaɓe, da hantsi, sai ga Lauya a ƙofar shago, shi kaɗai, ba Mai Tabarau, ba 'yan rakiya. An ba da hutun makaranta a makon, ina zaune a ƙarshen benci. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Tartsatsi, wanda ya kau da kai ya amsa wa bango.

"Baba, na zo ne a rufa min asiri. An ce duk garin nan kai kaɗai ka san yadda ake danne jan nan."

"Ni na haɗa shi, dole in san maganinsa."

"To a taimaka, Baba."

Baba ya tashi ya ce su je. Muka bi su, ni da Tartsatsi da duk wanda ya gan mu a hanya. A gaban katanga Baba ya tsaya ya nuna layin farko.

"Ɗan Direba," haka yake kiransa tun yana yaro, "ba na son jawabi. Zan tambaye ka ɗaya bayan ɗaya, ka ce min e ko a'a. Masaƙa, za ka iya?"

Lauya ya dubi taron. Na ga bakinsa ya ɗauko kalmar kwamiti, ya mayar da ita. Ya ce, "A'a, Baba. Ko na ci ba zan iya ba. Na duba takardun, ba hanya. Tun zaɓen da ya wuce na sani, tsoron faɗa na ji."

Tartsatsi ya tofar da yawu gefe.

"Haya fa?"

"Hana ƙari gaba ɗaya, a'a. Akwai tsofaffin da ɗaki biyu ne abincinsu." Ban sani ba ko ni ya kalla, amma na sunkuyar da kai. "Zan nemi dokar da za ta hana a tashi mutum ba wa'adi. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Ba shi aka rubuta a nan ba. A'a ke nan. Asibiti?"

"Asibiti kam e. A can aka haife ni, a can babana ya cika. In aka rufe shi ina kan kujera, zan sauka."

"Ka faɗa da ƙarfi, Tartsatsi walda ta lalata masa kunne."

Ya sake faɗa da ƙarfi. Baba ya daɗe yana kallon layukan biyu na sama. Na san abin da yake gani: zanin gado, da abokan da suka riƙe shi, waɗanda yawancinsu ba sa duniya. Idonsa ya cika, bai ɓoye ba.

"Biyun nan zan rufe maka su," in ji shi, "rufewa ta gaske, tunda ka faɗi gaskiya a gabansu. Na ukun zan bi shi da jana, ba kofi ko ɗaya. Hodarku ta zauna a baya, ba ruwana da ita. In yarinyar tabarau ba ta yarda ba, ta kira masu inji."

"Na yarda, Baba."

"Kuma akwai abin da zan gaya maka a kunne." Ya ja shi gefe ya yi masa raɗa. Na ga Lauya ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya.

Tartsatsi ya ce, "Buroshi, uku ka ba shi ajiya ya dawo maka da ɗaya, har kana godiya? Ni ba na ciki." Ya juya ya tafi shagonsa, ya ja ƙofa da ƙara.

Washegari da sassafe tsani ya fito, sai dai ba mai riƙewa. Baba ya duba nan ya duba can, ya dube ni.

"Malam, zo ka yi amfani."

Na riƙe. Ni a zatona riƙe tsani ba wani aiki ba ne. Kwana biyun farko shafin ƙasa aka yi, Baba yana danne layukansa da hannunsa, shafi uku, sannan ya bi da hodarsu. A rana ta uku ya buɗe gwangwanin ja, warinsa ya cika tasha, mutane suka fara taruwa. Ya hau zai fara harafin farko. Wani uban ɗalibina ya gaishe ni ta baya, na saki hannu ɗaya na juya zan amsa. Tsani ya yi gefe, Baba ya yi salati, ja ya zubo min a farar riga daga kafaɗa har aljihu.

Ban ankara ba na ji an bangaje ni.

"Matsa can, Ɗan Tsakiya! Tsani ba a riƙe shi da rabin zuciya."

Tartsatsi ne. Ya damƙe tsanin da hannu biyu, ya sa ƙafa ya tokare, ya ɗaga kai sama.

"Kada ka ɗauka na sauko, Buroshi. Zaɓen nan ba zan yi ba. Amma ba zan zauna ina kallo malamin makaranta ya jefo ka ƙasa ba."

"Riƙe dai, ka rage surutu," in ji Baba daga sama, muryarsa tana rawa da dariya.

Haka aka gama layin, Baba yana rubutu, Tartsatsi yana zagin gwamnati, ya haɗa da Lauya, ya haɗa da ni. BA ZA A RUFE ASIBITIN UNGUWA BA ya fito jawur a kan ruwan hoda, kuma abin haushi, ya yi kyau. Mai Tabarau da ta zo gani ta ɗauki hotonsa ta sa a takardun kamfe. Mahaifiyata ta ce ai ita ma a asibitin nan ake duba mata hawan jini.

Lauya ya ci, da ƙyar, da ratar da ba ta kai yawan ɗaliban makarantarmu ba. Saman gari ya ba shi abin da bai taɓa ba shi ba. Ƙasan gari ya fita, amma ba kamar da ba. A layin su Baba kaɗai na san gidaje shida da ba su leƙa rumfa ba, kuma har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwar Lauya. Da tsanin bai fito ba da an sake faɗuwa, Mai Tabarau da bakinta ta faɗa. Ni na ba shi ƙuri'ata, na shiga rumfa da rigar da ja ya ɓata, don Auta ta wanke ta sau uku tabon ya ƙi fita. Tartsatsi ya dage wai barci ya wuni yi. Inna ta ce ta ga tawada a babban yatsansa. Ya ce ƙunar walda ce, aka bar shi a haka.

Bayan mako biyu na raka Baba tasha zai karɓi saƙon fenti. Muka tsaya a gaban katanga. Inda layukan biyu suke a da, hoda ce shimfiɗe, ba alamar komai. Na ji ba daɗi a raina, ni da ban taɓa son layi na biyu ba. Na ce, "Baba, ban taɓa tambaya ba. Me ka raɗa wa Lauya ran nan?"

Ya kama hannuna ya ja ni zuwa ƙarshen katangar, ya ce in manna kumatuna da bango in duba ta gefe. La'asar ce, rana ta karkata. Daga nan sai na gan su. Tudun haruffan yana nan, kowanne da 'yar inuwarsa, masaƙa, haya, duka.

"Shafin ƙasa shekara huɗu yake riƙe jana," in ji shi. "Na gwada a allon mai kanti, na gwada a ƙofar gidana. Shekara huɗu, sai ya fara leƙowa. Abin da na gaya masa ke nan. Na ce daidai lokacin da za ka dawo neman mu, su ma za su fito su tambaye ka me ka yi."

"In kuma lokacin ba ka iya hawa tsani fa, Baba?"

"Ba sai na hau ba, Malam. Ko ina nan ko ba na nan, zai fito da kansa."

Ya saki hannuna ya wuce wajen motar da ta kawo saƙon, ya bar min shatin yatsu huɗu ja a hannun riga.